Yaya Ya Tafi, Ya Bar Mini Sunan Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayana ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na cikin gidanmu a Zango, unguwar Hausawa a ƙasar Asantawa. Da kalmar shahada ya cika, alhamdu lillahi, amma maganar duniya ta ƙarshe da ya yi ita ce kokon ya yi ruwa. Matarsa ta ce za ta dama wani. Kafin ta dawo daga madafa ya riga ya tafi.

Azahar ba ta yi ba layinmu ya toshe. 'Yan kasuwar goro suka rufe rumfunansu suka zo. Asantawan da yake sayen goro a hannunsu suka sauko daga ƙauyuka da baƙaƙen zannuwansu, suna "due, due", ta'aziyya da yarensu, wata tsohuwa a cikinsu tana kuka kamar ita ta haife shi. Limamin unguwa ya ce tunda yake bai taɓa jin muryar Yaya ta wuce bakin zaure ba. Wani dattijo cikin mutanen Nijar ya ce ya taɓa zaginsa a kasuwa a kan goron da ba ma shi ya sayar masa ba, Yaya ya tsaya ya ji zagin har ƙarshe, sannan ya tambaye shi ko ya karya kumallo. 'Ya'yansa bakwai, maza da mata, duk bakinsu ɗaya: babansu bai taɓa ɗaga musu hannu ba. Kowa ya zo da labarinsa, kuma kowane labari a wuri ɗaya yake ƙarewa: mai haƙuri ne, Allah ne ya yi shi haka.

Ni ina kan benci a ƙofar zaure. Ni ne ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni kaɗai na rage. A wurin sallar jana'iza, Allah ya yafe mini, ana kabbara ina leƙen sahu. Sahu ya cika fili ya zuba a titi, har masu trotro, motocin haya, suka riƙa sauya hanya. Sai na kama tunanin tawa ranar. Direbobin tasha za su zo, ban da shakka, amma rabinsu za su zo ne su tabbatar.

Masu ta'aziyya in sun je wurin 'ya'yansa sai su durƙusa, su daɗe, su yi addu'a mai tsawo. In sun zo wurina sai su ce, "Baba Ƙarami, sai haƙuri," sannan su tsaya suna kallon bakina. Jira suke in faɗi abin dariya. Ni ma da yake ban da kunya sai in faɗa. Wani ya ce, "Ka yi babban rashi." Na ce, "Na yi rashin mai yi mini faɗa, amma na ga kun yi layi, ba zan rasa magaji ba." Suka kwashe da dariya, suka ce wannan mutum ko a kabari sai ya sa mala'iku murmushi, suka wuce.

Zan faɗi abin da ba a faɗa a ta'aziyya. Ina son Yaya, kuma ina kishinsa. Tun ina da haƙoran nono nake kishinsa, ga shi yanzu haƙoran manya ma sun ƙare ban daina ba. Aji uku na yi a makarantar boko, biyu a ciki a kan bishiyar mangwaro na yi su, don haka ban iya jera magana irin ta masu ilmi ba. Yadda abin yake haka zan faɗe shi.

Kwana biyu da rasuwar, babban ɗansa ya zo ya tsuguna a gabana ya cire hula. Ya ce, "Baba Ƙarami, ranar addu'ar bakwai kai za ka kira sunayen gida."

Wanda ya san Zango ya san abin da ake nufi. Ranar addu'a, in malamai sun gama karatu, babban gida yakan miƙe ya kira mamatan gidan ɗaya bayan ɗaya, mai sanarwa yana maimaitawa a lasifika, jama'a suna ɗaga hannu ana Fatiha. A gidanmu da sunan Baba ake farawa. Shekara talatin da 'yan kai Yaya ne ke yi. Ni kuwa duk sa'ad da aka kusa wurin sai in tuna ban kulle mota ba, in sulale. Tun ranar da aka binne mahaifinmu, bakina bai taɓa cewa Allah ya jiƙansa ba, ko a ɓoye. Yaya ya sani. Bai taɓa tona ni ba. Yanzu ya kwanta abinsa, ya bar ni da kwana biyar.

Na ce wa yaron, "Muryata ta dishe."

Ya ce, "Baba Ƙarami, ai yanzun nan na jiyo ka daga bakin masallaci."

Baba falken goro ne, kuma a waje ba ka da abin da za ka ce da shi. Sahun gaba a masallaci, farar riga, baƙo bai taɓa zama a rumfarsa ya tashi baki fari ba. A gida kuwa muna gane shi tun daga zaure. Yakan tsaya ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya shigo. Daga wannan gyaran murya muke sanin yadda yinin zai ƙare.

Aikinmu, in mun taso daga makarantar allo, shi ne zaɓen goro. A kwance huhu a tsakar gida, a juya kowane goro a hannu, a fitar da wanda sankara ta taɓa, don ɗaya in ya zauna a ciki sai ya ɓata sauran. A sauya ganye, a yayyafa ruwa, a mayar a ɗaure. Baba yakan zo ya zura hannu har gwiwar hannu, ya zaro ɗaya daga ƙasa. In mai kyau ne, bai ce komai ba. In mai sankara ne, sai ya ɗauki igiyar huhu ya tsoma ta a ruwan wankin goro, ya bar ta ta jiƙa. Ba ya sauri. Yakan ma yi alwala tukuna. Mu kuwa muna tsaye muna kallon igiya tana shan ruwa.

Da Yaya ake farawa, shi ne babba. Yaya ba ya kuka, ba ya gudu. Yakan dafa bango ya sunkuyar da kai, sai dai ka ga yatsun ƙafarsa suna tonon ƙasa. Ni kuwa na gano wata dabara. Bugun farko sai in faɗi in miƙe ƙafafu kamar akuyar da mota ta buge, in fito da harshe. Wani lokaci matan gida su kasa riƙe dariya, hannun Baba ya yi sanyi. Wani lokaci kuma dariyar ce ke ƙara tunzura shi, in sha ninkin na Yaya. Amma ko ta yaya aka ƙare, da dariya nake tashi, don na riga na fara, ban san yadda zan fasa ba.

In Baba ya fita, sai Mma, mahaifiyarmu, ta ja Yaya ɗakinta ta saki labule. Ina jin ƙarar murfin gwangwanin man kaɗanya, ina jin tana hura masa baya tana magana ƙasa-ƙasa. Ni in na leƙa sai ta ce, "Kai ai ba ya shigarka. Je ka wasanka." Ba mugunta ba ce. Ita ma tana shan nata, kuma man bai da yawa, sai ta duba wanda take gani ya fi buƙata. Maƙwabta ma haka. "Allah sarki, babban yaron nan yana shan wuya. Ƙaramin kuwa shaiɗan ne, fatar jaki gare shi." Sai in zagaya bayan gida kusa da kwata in tsaya, don zama ba ya yiwuwa, in jira zafin ya sauka. To, ka ji inda kishin ya soma. Igiya ɗaya, hannu ɗaya, amma shi aka ba mai, ni aka ba suna.

Akwai ranar da na saci farin goro uku na ba mai hayar keke, ya bar ni na zaga Zango sau biyu. Baba ya lura. Ya tsayar da mu ya ce wane ne. Kafin in gama shirya ƙarya, Yaya ya ce, "Ni ne." Ranar ba a jira igiya ta jiƙa ba, da tafin hannu aka yi. Jini ya fito masa ta kunnen hagu, kuma wannan kunne bai sake jin komai ba har ya koma ga Allah. Masu yabon haƙurinsa a kasuwa ba su san rabin zagin da ake masa ta ɓangaren da ba ya ji yake shiga ba. Ni na sani, shi ya sa duk zamanmu a hagunsa nake zama, in faɗi abin da nake so yana gyaɗa kai. Kuma ko na gode masa a kan ranar keken? Ban gode ba. Haushi ma na ji. Ya samu abin nunawa har abada, ni ya bar ni da kunya.

Ina shekara goma sha biyar na gudu Suame, na shiga Magazin, unguwar makanikai, koyon gyaran mota. Masta uku na yi wa yaranta, ba wanda na gama a hannunsa. Ba don suna dukana ba. Masta ya ɗaga hannu zai sosa ƙeya, sai ya gan ni a ƙarƙashin mota. Daga baya na koma tuƙi, a nan na tsufa, ina ba fasinja dariya daga Suame har Adum a tsakiyar gari. Har yau ɗin nan, da furfurata da jikokina, in na bayana a masallaci ya yi gyaran murya sau biyu, sai in manta raka'a ta nawa muke.

Yaya bai gudu ba. Ya zauna ya gaji rumfa, ya gaji huhu, ya gaji igiya. Sai dai igiyarsa goro kawai ta sani. Yana da wata al'ada da duk gidansa suka sani. In yaro ya ɓata masa rai, ba ya cewa uffan. Sai ya zura takalmi ya fita da ƙafa, ya gangara har Adum, ya ratsa cunkoson masu talla, ya juyo. In laifin babba ne yakan yi sawu biyu. Ya dawo da gumi da ƙunshin gyaɗa a hannu, ya zauna, sannan ya kira mai laifi su yi magana. Yaran gidan in an tambaye su ina babanku, suka ce "ya tafi Adum", to kowa ya san wani ya fasa wani abu. Matarsa, wadda ni da ita ba ma gaisawa sai da tsiya, ta taɓa ce mini, "Ƙanin miji, da kai ne mai wannan hali, da tuni ka kai Tamale, can arewa, da ƙafa."

Ta yi gaskiya, don ni ban tafi Adum ba. Ɗana na fari yana shekara tara ya jefar mini da makullin mota a kwata. Ban san lokacin da na zaro tsohon bel ɗin injin daga bayan kujera ba. Abin da na tuna shi ne na ji bakina ya yi gyaran murya. Yaron bai yi dariya irin tawa ba, bai dafa bango irin na Yaya ba, fitsari ya sake a tsaye. Labari ya kai kasuwa kafin la'asar. Yaya ya zo, bai yi mini sallama ba, ya kama hannun yaron ya tafi da shi gidansa. Na bi su ina ihu a layi, mutane suna leƙowa.

Na ce, "Ɗana ne! Ni na haife shi!"

Ya juyo mini da kunnen dama, don ya tabbatar ya ji da kyau. Ya ce, "Haka Baba yake cewa."

Sallah biyu ta wuce ba mu yi magana ba. Yaron ya yi wata huɗu a can ya dawo da kumatu. Ban sake dukan yaro ba tun daga ranar, amma kada a rubuta mini lada. Ba kirki ne ya hana ni ba, gudun kada maganar Yaya ta zama gaskiya ne. In raina ya ɓaci sai in shiga mota in ɗaga gilashi in zazzagi sitiyari har in gaji. Shi ana cewa waliyyi ne yana tafiya Adum, ni ana cewa Baba Ƙarami ya fara magana shi kaɗai.

Da Baba ya tsufa idonsa ya rufe. Mma ta riga shi tafiya. Yaya ya dawo da shi ɗakin da ke kusa da nasa, kuma kowace Juma'a da safe shi ke masa aski da hannunsa, bai yarda a kira wanzami ba. Sau ɗaya na tsaya daga bakin ƙofa na kalla. Baba yana kan kujera ya ɗaga haɓa, maƙogwaronsa a waje, Yaya yana jan aska a hankali daga ƙasa zuwa sama, ɗaya hannun yana dafe da kan da muka yi shekaru ba mu iya kallo. Hannunsa bai ko girgiza ba. Na fita ban gaishe su ba.

Juma'ar ƙarshe, matan gida suka ce sun daɗe a ɗaki su biyu, ƙofa a rufe, suna jin muryar Baba tana tashi tana sauka. Yaya ya fito ya wanke fuska a bakin famfo ya daɗe. Washegari Baba ya rasu. Ranar addu'a Yaya ya miƙe ya kira sunansa da murya sumul, kamar mai kiran sunan aboki. Nan na yanke hukunci a zuciyata: Baba ya roƙe shi gafara. Ya ce masa ka yafe mini, shi ya sa ya warke. Ni ko a tambaya ina nake ba a yi ba. Shekara talatin na riƙe wannan a ciki. In na ga Yaya yana wasa da jikoki, ko yana barcin rana a kan tabarma baki buɗe, sai in ce a raina, ba shakka ka yi barci, ai kai aka ba magani.

Sati biyu kafin rasuwar Yaya na je duba shi bayan la'asar. Ya rame, gwiwoyinsa sun kumbura, an jingina shi da filo. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na ɗauki kujera na zagaya na zauna a damansa. Ya kalle ni ya ce, "Yau kuma lafiya? Zagin ya ƙare ne?"

Ashe ya sani. Duk shekarun nan.

Na ce, "Yaya, me Baba ya ce maka ranar nan?"

"Wace rana?"

"Kada ka yi mini kurumtar ƙarya, ta mai kyau nake magana. Juma'ar ƙarshe."

Ya yi dariya har ta koma tari. Da ya samu numfashi ya ce, "Ya ce askar ba ta ci. Ya ce na bar masa gashi a bayan kunne. Ya ce tun ina yaro ban taɓa yin aiki ya fita ba."

"Sai kuma me?"

"Sai ya koma kanka. Ya ce kai ko askar ma ba za a ba ka ba."

"Bai ce ka yafe masa ba?"

"Shekara goma sha ɗaya ina masa aski," in ji Yaya. "Kowace Juma'a in na jiƙa masa kai sai in ce yau zai faɗa. Don haka ma na hana wanzami, kada ya zo faɗa ya ga baƙo ya fasa. Ranar nan na rufe ƙofa na tambaye shi da bakina. Na ce Baba, ka tuna kunnena? Ya ce wane kunne."

Abin da na yi shekara talatin ina kishi, ashe babu shi. Sai wani haushin ya taso ya maye gurbinsa. Na ce, "To, in bai roƙa ba, me ka yafe? Don mutane su ce kai na Allah ne?"

Ya ce, "Kai dai ba ka zama a wurin karatu. Ba ka ji malamai suna cewa hakkin da ke tsakanin mutum da mutum, in ba a yafe a nan ba, ranar hisabi sai an tsayar da su biyun gaba da gaba an bi shi ɗaya bayan ɗaya? Da na fito na tsaya a bakin famfo, wannan na tuna. Na ce wato bayan duk wannan, in an tashe ni, Baba zan fara gani. A sake karanto igiya, a sake karanto bango, ina tsaye yana tsaye. Na ce a'a. Na gan shi ya isa. Na ce ya Allah, na bar maka shi, ka yi masa rahama, ka kai shi inda za ka kai shi, ni dai kada ka kira ni."

Na ce, "Wato ba don shi ka yi ba."

"Da farko ba don shi ba. Daga baya, da na yi ta faɗa shekara da shekaru, wani lokaci nakan ji har da shi a ciki. Ba kullum ba."

"Ni kuwa ranar nake jira," na ce. "Na shirya maganata tsaf. A mota nake bitarta."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai? Yana yin gyaran murya za ka faɗi ka fito da harshe, mala'iku su yi dariya, a ce a kira na gaba."

Matarsa tana shigowa da ruwan zafi ta ji ƙarshen maganar, ta ce, "Ku biyun nan, tsofaffi da ku, ba ku da hirar da ta wuce lahira?" Ta ajiye ta fita. Yaya ya ɗora hannu a gwiwarsa da ta kumbura ya ce, "Kana zaton son Adum nake? Hannuna yana ƙaiƙayi kamar naka. Likita ya ce tsufa ne ya ci gwiwoyin nan. Ni na san wanda ya ci su." Sai ya ce, ido a rufe, "Kuma ka daina cewa ba wanda ya gani. Tabarma ɗaya muke. In an sha duka a kife kake kwana, kamar ni."

Na ce ana jirana a tasha, ni da na bar tuƙi shekara shida.

Ranar addu'ar bakwai aka kafa rumfunan kanofi har bakin titi. Aka raba masa da goro, malamai suka yi karatu suka sauke. Na nemi sulalewa a daidai lokacin da na saba, amma 'ya'yan Yaya sun zaunar da ni a tsakiya, babu hanyar fita sai ta kan ƙafafun malamai. Mai sanarwa ya matso da makirufo. Mutumin nan gwani ne, in ka ba shi sunan ɓarawon kaji sai ya mayar maka da shi waliyyi kafin ya kai lasifika. Ya ce, "Jama'a, ga babban gida zai kira mamatansa."

Wasu suka fara murmushi tun ban buɗe baki ba.

Na miƙe. Na so in fara da Mma, in lallaɓa in tsallake, amma liman yana kallona, kuma ya san jerin. Na ce, can ƙasa, "Mahaifinmu."

Mai sanarwa ya ɗauka ya cilla sama. "Mahaifinsu! Dattijon arziki! Mai tausayin iyali, inuwar 'ya'yansa, wanda bai taɓa..."

Na riƙe masa hannu na jawo makirufon bakina. Na ce, "Malam, ban ce haka ba."

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "Ya fara!"

Na ce, "Na ce mahaifinmu. Ya ciyar da mu, ya sa mu a allo, wannan gaskiya ne. Kuma ya dake mu dukan da ba a yi wa jaki. Shi ya kashe kunnen wanda muka binne. Haƙurin da kuke ta yabo kwana bakwai, ba da shi aka haifi Yaya ba, da ƙafarsa ya je ya nemo shi. Ni ban samo ba." Dariyar ta ragu, ta koma ɗaiɗai, ta mutu. Lasifikar tana ƙara ita kaɗai. Na ga matar Yaya a cikin mata ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce, "Ban zo da wani yabo ba. Amma ubana ne, kuma na gaji da jiransa. A yi masa Fatiha haka nan. Allah ya jiƙansa."

Ba wanda ya motsa. Mai sanarwa ya kalli liman, don bai san ta inda zai ƙawata wannan ba. Liman ya ɗago ya ce, "To, ai irin wannan ne ya fi buƙata. Kada a ƙara masa komai. Al-Fatiha."

Hannuwa suka tashi. Nawa ma suka tashi, na karanta har ƙarshe na shafa. Na kira Mma, na kira sauran, na kira Yaya a ƙarshe, a nan ne sai da babban ɗansa ya tashi ya riƙe ni. Ba wanda ya jira in faɗi abin dariya.

Ban san ko na yafe ba. Da na ce Allah ya jiƙansa, ban ji wani haske ya sauko ba, na dai ji kamar na sauke injin daga kafaɗa ban san inda zan sa hannuna ba. Yaya mai gwiwoyin ya ce shi ma haka ya fara, kuma ban taɓa jin ya yi ƙarya ba sai ranar farin goro.

Yaya, ka fi ni sahu, ka fi ni 'ya'ya masu yabo, ka riga ni sallamar Baba, ka riga ni kwanciya. Amma shekara talatin kana kiran sunan nan kana barin mai sanarwa yana shafa masa mai, ba ka taɓa tsayar da shi ba. Ni na tsayar. Wannan ɗaya dai ka bar mini ita, kada ka ce da ma kai ka shirya.

Allah ya yalwata maka kabari, ya mayar maka da kunnenka, ya hutar da ƙafafunka. Ya karɓi roƙon da ka yi a bakin famfo, kada ya kira ka. In kuma akwai wuri a inda aka sa ka, ka ce a ajiye mini a damanka.